Yini Guda a Lakwaja: Yadda Na Kai Baffana Kabarin Sarki Alu

Baffana, ƙanin mahaifinmu, ya fi shekara goma yana maimaita min magana ɗaya: yana roƙon Allah ya nuna masa ranar da zai tsaya a gefen kabarin Sarkin Kano Alu a Lakwaja ya yi masa addu'a. Tun yana yaro yake jin labarin Alu Mai Sango a bakin kakarsa, wadda shigowar Turawa Kano ta riske ta tana yarinya. Da ya zo wurina Abuja a farkon watan Disamba, na ce to wannan karon babu sauran uzuri. Na ɗauka tafiyar ba ta wuce mu shiga mota, mu sauka, mu tambaya a nuna mana ba. Mun ga abin da muka je gani, alhamdu lillahi, amma mun yi asarar kusan awa uku a kan abubuwan da da wani ya gaya mana tun farko da ba mu faɗa cikinsu ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda yinin ya gudana daki-daki.

Ranar Laraba muka zaɓa, kuma a nan mun dace, domin ranar aiki ce ake samun ma'aikatan gidan tarihi a bakin aikinsu. Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha. A nan aka fara cin lokacinmu. Motar da muka shiga saura mutum biyu ta cika, muka zauna muna jiransu har gari ya waye tangaran. Sai wajen ƙarfe bakwai na ga zaman ba zai kai mu ko'ina ba, na biya kuɗin kujera ɗaya da ta rage, muka tashi. Da na yi haka tun ƙarfe shida, da duk tsarin yinin ya sauya. Tsakanin Abuja da Lakwaja kimanin kilomita 200 ne, ta Gwagwalada da Kwali da Abaji da Koton Ƙarfe, tafiyar awa uku idan hanya ta yi daɗi. Akwai shingayen jami'an tsaro da dama, kuma a ɗaya daga cikinsu an nemi kowa ya nuna katin shaida. Nawa yana aljihu, na Baffa kuwa yana can ƙasan jaka cikin ledar magungunansa, sai da muka zazzage kaya. Ku sa katin inda hannu zai kai gare shi da sauri. Da muka hau gadar Murtala da ke Jamata, Baffa ya leƙa ta taga ya ga faɗin Kwara, ya yi ta tasbihi har muka tsallake.

Ƙarfe goma da rabi muka sauka a Nataco, inda motocin Arewa da na Kudu suke yada zango. Zafin garin ne ya fara yi mana maraba, wani irin zafi mai ɗanko da gumi, ba irin busasshen zafin da muka saba da shi ba, alhali wai ana cikin sanyi. Na tare wani matashin direban tasi na karanta masa jerin wuraren da na rubuto, duk wanda na ambata sai ya gyaɗa kai ya ce ya sani. Muka yi cinikin shatar yini. Na ce ya fara kai mu kaburburan sarakuna. Ya tuƙa mu cikin gari, ya tsaya a bakin wata maƙabarta mai duwatsu da gicciye, ya ce mun iso. Maƙabartar Turawa ce. Ashe yawancin baƙin da ke zuwa neman tsofaffin kaburbura nan suke nufi, shi kuma iyakar saninsa ke nan. Baffa bai ce komai ba, amma na ga yadda fuskarsa ta sauya.

Tunda mun riga mun iso, muka shiga. Ban yi da-na-sanin shigar ba. Sojoji ne da 'yan mishan da ma'aikatan kamfani, an rubuta sunan kowa da shekarar da ya mutu, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙuruciyar da yawa daga cikinsu. Na durƙusa a gaban wani dutse da gansakuka ta cinye rabin rubutunsa, na goge da hannuna ina haɗa haruffan. Zazzaɓi ya kashe Turawa a wannan kogi fiye da yadda kibiya ta kashe su. Ayarin da Ingila ta aiko a 1841 ya kafa gonar gwaji a nan kusa da mahaɗar kogunan, ciwo ya tarwatsa shi. Sai a 1854 wani likita, William Baikie, ya shigo da jirgi yana ɗura wa mutanensa kwinin kullum, ya fita bai rasa ko mutum ɗaya ba. Shi ne ya dawo ya zauna a nan wajen 1860 da yardar Etsu Nupe Masaba, ya koyi Hausa, har ya taka zuwa Kano a 1862. Daga wannan zaman nasa Lakwajar Turawa ta tsiro.

A ƙofar maƙabartar na sallami direban, na biya shi kuɗin inda ya kawo mu. Wani mai shayi, mutumin Sakkwato, shi ya warware mana matsalar da kalma ɗaya. Ya ce, "Alhaji, ai ba kabari za ku ce ba, Kabawa za ku ce. Unguwa ce." Ya kira mana wani dattijon direba haifaffen garin, mai jin Hausa da Nufanci, wanda tun kafin mu zauna ya jera mana yadda za mu bi. Ya ce wa Baffa, "Baba, ka yi haƙuri, kada mu je Kabawa yanzu. Masu riƙe da wuraren suna kasuwa da bakin kogi, sai azahar za a same su a masallaci. Mu hau dutse tukuna kafin rana ta take." Kuɗin shatarsa ya ɗara na farkon, ya kusa kai abin da mu biyu muka biya na mota zuwa da dawowa, amma shi ne kuɗi mafi amfani da na kashe a ranar.

Dutsen Patti yana tsaye a kan garin kamar mai gadi, tsayinsa ya haura mita 450, kuma kalmar patti ɗin ma dutse take nufi da Nufanci. Akwai hanyar mota mai lanƙwasa da take hawa har ƙololuwa. Matasa suna hawa da ƙafa don motsa jiki, amma mai tafiya da dattijo kada ya gwada, kuma kada ya yarda da keke mai ƙafa uku ko motar da birkinta ba shi da kyau. A sama akwai wani ɗan ƙaramin gini da ake kira gidan hutun Gwamna Lugga. Ginin bai kai labarinsa ba, ɗaki ne ɗan madaidaici. Abin da ya cancanci hawan shi ne abin da ido zai gani daga bakin dutsen: garin gaba ɗaya a shimfiɗe, kwanon gidaje yana walƙiya, ga Kwara ta gangaro daga arewa, ga Binuwai ta ɓullo daga gabas, sun haɗu sun miƙa kudu. Mutum yana tsayawa a nan zai gane dalilin da ya sa Turawa suka riƙe wurin. Duk jirgin da zai shiga ƙasar Nufe ko ya nufi Yola, sai ya wuce ta ƙarƙashin idon wanda ke kan dutsen nan. Mu mun iso ana dab da sha biyu, hazo ya riga ya fara lulluɓe can nesa. Wanda ya hau da hantsi zai ga abin da ya fi namu.

Wani saurayi da ke zagayawa da baƙi ya gaya mana cewa a nan Flora Shaw, wata Baturiya 'yar jarida, ta tsaya tana kallon kogi ta raɗa wa ƙasar suna Najeriya. Labari ne mai daɗin ji, kuma kowa a garin zai ba ka shi. Abin da yake a rubuce shi ne ta ba da shawarar sunan a wata maƙala da jaridar The Times ta Landan ta buga ranar 8 ga Janairu 1897, aurenta da Lugga kuwa sai a 1902. Na ba saurayin ɗan abin goro, domin ya nuna mana wurin da ake hango mahaɗar da kyau, wanda da kanmu ba za mu gano ba.

Daga dutse muka sauko gidan tarihin mulkin mallaka. Ginin kansa abin kallo ne, na katako ne da aka ɗora a kan ƙafafu ya bar ƙasa, irin waɗanda ake ƙerowa a Ingila a kawo su gunduwa-gunduwa cikin jirgi a harhaɗa. Mun rubuta sunayenmu da garin da muka fito a littafin baƙi, muka biya ɗan kuɗin shiga wanda bai taka kara ya karya ba, ma'aikaci ɗaya ya zagaya da mu. Yawancin abin da ke ciki hotuna ne. Ku nemi izini kafin ku ɗaga waya. Mun yi kamar minti arba'in, kuma a nan ne jerin al'amuran ya zauna min a kai. Kamfanin Royal Niger na George Goldie ya sami takardar izinin mulki a 1886, daga Lakwaja sojojinsa suka tashi suka ci Bida da Ilori a 1897, sannan ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfanin a garin nan aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya shelanta cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Sarauniya. Ya shelanta haka ne alhali Kano da Sakkwato da Katsina ba su san ana yi ba. Daga baya hedikwata ta koma Jabba, ta koma Zungeru a 1902, kafin Kaduna. Direbanmu ya tsaya da mu a wurin da aka kafa alamar sauke tutar. In ba an nuna maka ba, za ka wuce ta ba ka waiwaya ba.

Ba nisa da nan akwai hasumiyar tunawa da sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya, da tsofaffin igwogi a gefenta. Na yi niyyar mu yi minti biyar mu wuce. Baffa ne ya sa tabarau ya matsa kusa da allon sunayen, ya fara karantawa da ƙarfi. A zamanin ana rubuta soja da sunansa da sunan garinsu, sai ga Kano, ga Zariya, ga Bauci, ga Sakkwato suna ta fitowa. 'Ya'yan talakawanmu ne da aka kwasa aka kai Kamaru da Gabashin Afirka yaƙar Jamus, shekara goma sha kaɗan bayan an ci garuruwan iyayensu da yaƙi. Baffa ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, ya ce wataƙila rabon da wani ya karanta musu Ƙulhuwallahu tun iyayensu mata suna raye. Mun fi minti ashirin a tsaye cikin rana.

Zangon da ya biyo baya shi ne makarantar Holy Trinity, wadda aka kafa a 1865 a zamanin Bishop Samuel Ajayi Crowther, kuma ana lissafa ta a matsayin firamare ta farko a Arewa. Baffa ya ce a riƙa cewa ta boko, domin allo ya riga ta da ɗaruruwan shekaru, kuma gaskiyarsa. Tunda ranar karatu ce, ba mu kutsa kai ba, direba ya shiga ya yi mana iso, muka jira kamar minti goma aka ba mu wanda zai raka mu. A harabar ne Ƙarfen 'Yanci yake. Idan za ku tambaya, ku ce Iron of Liberty, shi ne sunan da aka sani. Wasu guntayen ƙarafa ne a kafe, tsatsa ta ci su, ba su da wani kwarjini. Abin da ake faɗa shi ne duk bawan da ya tsere ya iso ya taɓa su ya zama ɗa. Crowther kansa an taɓa kama shi bawa yana yaro kafin a 'yanto shi. Na ɗora tafin hannuna a kan ƙarfen, ya yi zafi da rana, na tuna cewa da yawa daga cikin waɗanda suka yi gudun ceton rai zuwa nan, hare-haren masarautunmu ne suka raba su da gidajensu. Wannan bai yi min daɗi ba, amma ba zan rubuta labarin sarakunan da aka zalunta in tsallake shi ba.

Mun isa Kabawa ana kiran azahar. Tsohuwar unguwa ce mai lunguna, Hausa kake ji ta ko'ina, gauraye da Nufanci. Muka yi alwala muka bi jam'i. Bayan sallama direba ya gabatar da mu ga liman, Baffa ya gaishe shi ya ce, "Allah gafarta Malam, daga Kano muke, ziyarar Sarki Alu ta kawo mu." Nan take fuskokin dattawan suka saki. Ba takarda ake nema a nan ba, ba tikiti, gaisuwa ce da bayanin kai. Aka aika yaro ya kira wanda ke kula da wurin, muka zauna a kan tabarma a inuwa kusan rabin awa, aka kawo mana ruwa. Kaburburan ba a fili ɗaya suke ba, suna cikin unguwa tsakanin gidajen mutane, shi ya sa baƙo ba zai taɓa gano su shi kaɗai ba, kuma bai ma kamata ya gwada ba.

Alu ya hau gadon Kano a 1894 bayan Basasa, yaƙin cikin gida kan sarautar Kano. Lokacin da Turawa suka fasa ganuwar Kano a farkon Fabrairun 1903 ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga nan aka kawo shi Lakwaja, inda ya zauna har ya rasu a 1926. Shekara ashirin da uku ke nan ba ya Kano, fiye da ninki biyu na shekarun da ya yi a kan mulki. Ba shi kaɗai ba ne. Nan aka kawo Sarkin Zazzau Kwasau, nan aka kawo Etsu Nupe Abubakar, nan kuma aka kawo Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami mawaƙi, wanda Turawa da kansu suka naɗa a 1903 suka tuɓe a 1920, ya rasu a garin a 1924. Dabarar a fili take: a raba sarki da jama'arsa, a ajiye shi a bakin barikin soja, cikin zafi da sauro, inda ba mai kawo masa caffa.

Da muka isa muka cire takalma. Baffa ya tsaya ta wajen kai, ya yi sallama irin wadda ake yi wa ma'abota kabari, muryarsa ta sarƙe a tsakiya. Ya zauna a ƙasa, rigarsa fara tana shan ƙura, ya karanta abin da ya sawwaƙa, hawaye na bin gemunsa. Ban ɗauki hoto ba, ko wayar ban taɓa ba. Ina jin kukan awaki da muryar wata mata tana kiran yaro a gidan da ke jingine da wurin, rayuwa tana ta tafiya a gefen mutumin da ya taɓa fita da dubban dawaki. Da ya gama ya shafa, ya ce da ni, "Ɗana, ka sauke min nauyi, Allah ya yi maka albarka." Aka zagaya da mu sauran kaburburan. Da za mu tafi na ba mai kula da wurin sadaka a hannu cikin sirri, na ba yaron da aka aika nasa. Ba wanda ya yanka mana farashi, kuma bai dace a mai da wurin kamar na ciniki ba.

Saura kogi. Bayan la'asar muka gangara bakin ruwa inda kwale-kwale masu inji suke. A nan ciniki ake yi sosai. Wanda ya fara tarar mu ya kira kuɗi mai yawa, direbanmu ya sa baki da Nufanci aka dawo kusan rabi. Ku tabbatar an yi magana a kan zuwa da dawowa, kuma a biya bayan an sauko. Na ce ba za mu shiga ba sai da rigar kariya ta ruwa. Aka ce babu, na ce to mun fasa, sai ga shi an samo guda biyu cikin minti goma. Kada kunya ta hana ku wannan. Tafiyar ba ta da tsawo. Da muka kai tsakiya matuƙin ya rage wuta ya nuna mana inda ruwan biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya fi ɗaya duhu, kafin su gauraye. Kwara ta taso tun daga tsaunukan Gini ta yi tafiyar sama da kilomita 4,000 kafin ta kai teku, Binuwai kuma daga tsaunukan Adamawa na Kamaru. Baffa ya ɗebi ruwan da hannu ya shafa a fuska. Ya ce ta wannan ruwan aka bi da Alu zuwa Yola, ta nan aka dawo da shi.

Sai ƙarfe biyar da rabi muka bar Nataco, muka shiga Abuja dare ya yi sosai, kuma wannan shi ne abin da ba zan sake ba. Hanyar cike take da manyan motoci, tafiyar dare a kanta da dattijo ba dabara ba ce. Wanda zai yi ta a yini ɗaya ya bar Abuja da ƙarfe shida ko da zai biya kujerun da ba kowa, ya hau Patti kafin goma, ya gama da gidan tarihi da hasumiya da makaranta kafin azahar, ya yi sallah a Kabawa, ya shiga kogi da ƙarfe uku, huɗu ta yi masa a mota. Wanda ba zai iya wannan gudun ba gara ya kwana. Ya nemi direba ɗan gari mai shekaru, ya gwada shi da tambaya ɗaya kafin ciniki: ina kaburburan sarakunan Arewa suke? Idan bai ce Kabawa ba, a nemi wani. Ya riƙe kuɗi a hannu, ƙanana, domin a kan dutse da bakin kogi ba kowa ke karɓar tiransifa ba. Ya ɗauki ruwan sha fiye da yadda yake zato, da hula ko laima, mata kuma su tafi da shiga ta mutunci saboda Kabawa. A guji watannin Satumba da Oktoba, lokacin da kogunan ke cika: a 2012 da 2022 ambaliya ta datse hanyar a wajen Koton Ƙarfe, matafiya suka kwana a titi. Tsakiyar hunturu kuma hazo zai hana ka ganin mahaɗar daga sama. Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi, ruwa ya ja baya, ƙura ba ta yi kauri ba tukuna.